Ledar magungunan Hajiya: mene ne ainihin aikin mai harhaɗa magunguna?

Ɗan Hajiya, Gwammaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, musamman masu harhaɗa magunguna, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin abin ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mahaifiyata ta haura shekara 65, tana fama da hawan jini da ciwon suga, ga kuma ciwon gwiwa wanda ya sa yanzu a zaune take sallah. Daren Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, sai na tarar ta zazzage baƙar ledar magungunanta a kan darduma, tana laluben wanda za ta sha da hasken fitilar waya. Na zauna na ƙirga, iri tara ne. Wasu daga asibitin da take zuwa duk bayan wata biyu, wasu ƙanwata ce ta sayo a wani famasi lokacin da na asibitin suka ƙare, wasu kuma daga kemis ɗin bakin layinmu, an ƙulle su a farar leda, babu kwali babu suna. Hajiya ba ta karanta boko, saboda haka da launi da girma take gane su: wannan fari na safe, wannan ɗan ƙarami na suga, wannan ja na gwiwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta yi wata huɗu tana wani busasshen tari mai hana ta barci, an shanye maganin tari kwalba uku, an sha antibayotik har sau biyu, tarin yana nan daram. Yanzu kuma ƙafafunta sun fara kumbura da yamma, har takalminta na fita ba ya shiga.

Duk ranar asibiti ni nake kai ta. Mukan fita bayan sallar asuba mu karɓi kati, mu ga likita wajen ƙarfe 11, sannan mu bi layin tagar magani. A tagar nan abin da ke gudana bai wuce minti biyu ba: a karɓi takarda, a zana layuka a bayan kwali, a ce ɗaya da safe ɗaya da dare, a kira na gaba. Ban ga laifin bawan Allahn da ke ciki ba, domin na waiwaya na ga yawan mutanen da ke bayanmu. Amma na ji ana cewa wanda ke bayan wannan taga ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magani kaɗai. Shin iyakar aikinsa ke nan, ko kuwa muna da wani haƙƙi a kansa wanda ba mu sani ba? Sannan ina so in san ko akwai bincike na gaske, ba zancen fatar baki ba, da ya nuna cewa zama da mai harhaɗa magunguna yana canza wani abu a lafiyar mai ciwo irin na Hajiya. Idan akwai, a taimaka a bayyana mini shi, domin in san abin da zan nema da kuma inda zan dosa.

Mai harhaɗa magunguna, Tarauni

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan hidimarta. Zan fara da abin da ba ya jira, kafin in zo kan bincike.

Kada a dakatar da ko ɗaya daga cikin magungunan hawan jini da suga saboda abin da aka karanta a intanet, har da wannan da nake rubutawa. Amma kada a jira cikar wata biyu. A ɗauki ledar gaba ɗaya, har da ƙullin kemis da duk wani jiƙo ko garin gargajiya da take sha, a kai ta asibiti a cikin makon nan. Abubuwa uku ne a bayaninka suka tsaya mini a rai. Akwai dangin maganin hawan jini da sunansu ke ƙarewa da "firil", kamar lisinofiril, waɗanda sanannen abu ne suna sa busasshen tari, irin wanda mutum ke jin kamar ana sosa masa maƙogwaro, kuma babu maganin tarin da zai tsayar da shi matuƙar ana shan su. Akwai kuma amlodifin, maganin hawan jini mai kyau ƙwarai a wajen mutanenmu, amma yana kumbura idon sawu, musamman idan adadin ya yi yawa. Na ukun shi ne ya fi ba ni tsoro, wato na gwiwar nan da ke cikin farar leda. Mafi yawan abin da ake bayarwa don ciwon gaɓoɓi a kemis bai wuce diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam ba. Waɗannan suna ɗaga hawan jini, suna cin bangon ciki har su jawo gyambo, kuma idan suka haɗu da lisinofiril da maganin sa fitsari a jikin dattijuwa mai ciwon suga, to ƙoda ce take shan wahala, ba tare da ta yi ƙara ba sai ɓarna ta yi nisa. Ban ce abin da ke cikin ledar ke nan ba, domin ban gan ta ba. Na dai faɗa maka abin da zan fara dubawa da an ajiye ta a gabana.

Wannan dubawar ita ce aikinmu. Miƙa kwali ta taga shi ne ƙarshensa kuma mafi sauƙinsa. A shekarar 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Hepler da Strand, suka fito da bayanin da ya sauya yadda ake koyar da sana'armu a duniya. Abin da suka tsaya a kai shi ne mai harhaɗa magunguna yana da alhakin sakamakon maganin a jikin majinyaci, ba ingancin ƙwayar kaɗai ba. Ma'ana, a kan kowane magani sai ya tambayi kansa ko akwai dalilin shan sa, ko yana yin aikin da aka ba da shi dominsa, ko yana cutarwa ko yana karo da wani, sannan ko mai shi yana iya saye kuma yana sha yadda aka ce. A kan wannan tafarki ake horar da ɗalibai yanzu, har da na Jami'ar Bayero da ke yin karatun shekara shida, bayan haka su yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin su tsaya da ƙafarsu.

Game da bincike, akwai shi da yawa. Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa ana jinya ne kawai suke shan magani yadda aka tsara musu. A 2017 kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dala biliyan 42 a duniya duk shekara. Amma wanda na fi son ba da labarinsa, saboda ya yi kama da rayuwarmu, shi ne wanda aka yi a birnin Los Anjalas aka wallafa a 2018. Masu binciken sun lura cewa baƙaƙen fata maza a can ba sa son zuwa asibiti, amma ba sa fashin zuwa aski. Sai suka ɗauki shagunan aski 52 da maza 319 masu hawan jini. A wasu shagunan, mai aski yana yi wa mutum nasiha ne kawai ya tura shi wajen likita. A sauran kuwa, mai harhaɗa magunguna ne yake zuwa shagon da kansa, ya auna jini, ya duba gwajin ƙoda, ya daidaita magani bisa yarjejeniya da likitocin mutanen. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 27 a rukuni na biyu, a na farko kuwa da maki 9 kacal. Kusan kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka bi su har shago sun sauko ƙasa da 130 bisa 80, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin kashi 12 ne. Duk lokacin da na wuce shagon aski a unguwarmu na ga maza a jere suna hirar ƙwallo da siyasa, sai wannan binciken ya faɗo mini a rai, domin irin wannan zama muna da shi a majalisa, a ƙofar masallaci, da kuma gidajen biki a wajen mata.

A Ingila ma an yi wani a ƙananan asibitocin unguwa 72, aka wallafa a mujallar Lancet a 2012. An tura masu harhaɗa magunguna su binciki bayanan majinyata su zaƙulo rubutun magani mai haɗari, kamar ba wa mai tarihin gyambon ciki maganin gaɓoɓi ba tare da kariya ba, ko ba wa mai asma irin maganin zuciyar da ke toshe numfashi, ko barin tsoho a kan lisinofiril ba a gwada ƙodarsa ba. Inda suka zauna da likitoci suka bi kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, kurakuran sun ragu fiye da inda aka aika wa likitocin takardar gargaɗi kawai.

Akwai kuma binciken da ya shafi maganin kansa. An daɗe ana yi mana rubutu bisa gwaje-gwajen da aka yi a kan Turawa, alhali jikin baƙar fata ba ya amsa wasu magungunan hawan jini kamar nasu. A 2019 aka wallafa wani gwaji da likitan zuciya Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, a ƙasashen Afirka shida, da mutum 728, kuma Kano tana cikin wuraren da aka yi shi. An gwada haɗi uku na magani bibbiyu, aka tarar cewa haɗi biyun da ke da amlodifin a ciki sun fi sauke jini a kan wanda babu shi. Shi ya sa ba na so ka ji na ambaci kumburin ƙafa ka ɗauka amlodifin mugun magani ne.

To me ya sa ba ka ga wannan a taga ba? Saboda mu kaɗan ne, layi kuma dogo ne, kuma a wurare da dama wanda ke tagar ma mataimaki ne mai takardar kwalejin kiwon lafiya, famasis ɗin, wato shi mai harhaɗa magungunan, yana ciki yana fama da lissafin sito. Amma kana da damar ka ce kana son ganin famasis, ka zauna da shi a ɗakin ba da shawara. Haka kowane famasi mai rajista da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya dole ne ya kasance ƙarƙashin kulawar famasis, kuma lasisinsa yana rataye a bango. Idan layin asibiti ya yi yawa, a je irin wannan shago da hantsi, lokacin da babu cunkoso.

Likita, Gyaɗi-Gyaɗi

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Na yarda da kusan duk abin da 'yar'uwata a aiki ta faɗa, kuma ba na jin nauyin cewa sau da dama famasis ya dawo mini da takarda ya nuna mini abin da ya kuɓuce mini a ranar da na ga mutum sittin kafin azahar. Sai dai ina da ƙari biyu a kan Hajiya, da kuma gyara ɗaya a kan yadda za a fahimci binciken.

Tarin wata huɗu a garin nan ba a ɗora shi a kan magani sai an tabbatar ba tarin fuka ba ne. Duk tarin da ya wuce mako biyu ana so a gwada majina, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Mai ciwon suga ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi. Haka kumburin ƙafa tare da tarin dare yana iya zama alamar zuciya ce ta fara gazawa, ko kuma ƙoda. Saboda haka ina so likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta, a ɗauki jini a duba ƙoda, kafin kowa ya yanke hukunci. Abu na biyu, ka ce akwai ɗan ƙarami na suga. Idan gilibenkilamaid ne, to a yi maganarsa da likita tun kafin azumi ya zo, domin yana iya sauke suga ƙasa ƙwarai a jikin tsoho, musamman idan an sha shi da sahur aka wuni ba ci. Jiri da gumi da rawar jiki da rikicewar magana da la'asar ba gajiyar azumi ba ce kawai a wajen mai shan wannan magani.

Gyaran kuwa shi ne ba kowane bincike ne ya fito da sakamako mai daɗi ba, kuma adalci ne a faɗa. A gabashin Ingila an yi wani gwaji da aka wallafa a 2005, a kan tsofaffi 872 da suka haura shekara 80, waɗanda aka sallamo daga asibiti. An tura wa rabinsu mai harhaɗa magunguna har gida sau biyu, ya duba magungunansu ya yi musu bayani. Abin mamaki, waɗanda aka ziyarta sun fi komawa gadon asibiti, da kusan kashi 30 cikin 100. An yi ta muhawara a kan dalili. Ni abin da na fahimta idan na haɗa shi da na shagon aski shi ne, a Los Anjalas famasis ɗin yana ganin mutum a kai a kai, yana da gwajin jini a hannunsa, yana da ikon sauya magani, kuma yana magana da likitan mutumin kai tsaye. A wancan kuwa ziyara biyu ce daga baƙon da bai san majinyacin ba, sai ya aika wa likita takarda. Bayani kaɗai, idan babu mai bin sawu, yana iya ƙara wa tsoho ruɗani.

A nan ne nake ganin matsalarmu ta Kano take. Hajiya tana da fayil a asibiti, amma babu abin da famasin waje ya sani game da shi, mai kemis kuma bai san ma akwai shi ba. Kowa yana ganin gefe ɗaya na jikinta. Kuma mu ma'aikata, a faɗi gaskiya, jayayyar da ke tsakanin ƙungiyoyinmu a kan matsayi da albashi ta sa wani lokaci famasis yana jin nauyin kiran likita, likita kuma yana ɗaukar gyara a matsayin raini. Kafin a gyara wannan, abin da ke hannunka shi ne ka sayi ƙaramin littafi na makaranta, a rubuta sunan kowane magani da ƙarfinsa da lokacin shansa da wanda ya ba da shi, tare da awon jini da na suga na kowace ziyara, kuma duk wanda zai ƙara mata ko da farasitamol ne, sai ya ga littafin nan tukuna.

Mai kemis, Kurna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Likita, Hajiya famasis, na karanta bayananku, kuma tunda an ambaci sana'armu, ya kamata a ji daga bakin ɗaya daga cikinmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba zan kare ƙullin farar leda ba. Lasisin da Majalisar Harhaɗa Magunguna take ba mu ya tsaya ne a kan jerin magungunan da aka yarda a sayar ba tare da takardar likita ba, kuma a cikin kwalinsu na asali. Haɗin da ake yi wa mutum, a zuba ja da fari da ruwan ɗorawa a leda ɗaya, ya saɓa wa wannan, kuma na san yana da yawa. Ni kaina na yi shi a farkon shigata, domin haka na ga maigidana yana yi. Amma ina so a san halin da muke tsayuwa a ciki. Mutum zai zo ƙarfe 10 na dare da naira 500 a hannunsa, ya ce a ba shi na zazzaɓi na ɗari biyar. Na san maganin maleriya na yanzu sau shida ake shan sa a kwana uku, kuma rabinsa ɓarna ce, amma kuɗinsa bai kai ba, asibiti kuma ya yi masa nisa a wannan lokaci. Idan na hana shi, shago na gaba zai ba shi. Tun da wasu manyan kamfanonin magani irin su GSK suka tattara nasu suka bar ƙasar a 2023, ga faɗuwar naira, har abin shaƙar masu asma ya zama sai mai hali. Na ga masu hawan jini da yawa da suke sayen na kwana goma, su sha yau su tsallake gobe don ya kai su ƙarshen wata, kuma ba za su faɗa wa likita ba saboda kunya. Ni suke faɗa wa.

Mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya, wanda aka matsa a kansa a 2024, ya ƙara mana nisa da kuɗin mota, amma na yarda ya fi a ajiye magani a rumfar kwano cikin zafin watan Afrilu. Ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan duk abin da na saro, kuma ina koya wa masu saye su kankare lambar da ke jikin wasu kwalaye su tura ta waya. Abin da nake roƙo shi ne duk wani shiri ko bincike da za a yi a kan wannan al'amari, a sa mu a ciki. A ba mu horo, a ba mu lambar famasis ɗin da za mu kira idan abu ya shige mana duhu. Bayanin da Hajiya famasis ta yi a kan maganin gwiwa da ƙoda, shekarata 14 a shago, ban taɓa jin sa a fili haka ba.

Maman 'yan biyu, Sharaɗa

Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, malamar makaranta ce, amma ina da ɗa mai amosanin jini, kuma shi ya sa kalmar bincike ta daina ba ni tsoro.

A gidanmu na taso ina jin labarin abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka ranar da aka ce za a ɗora ɗana a kan maganin hayidiroksiyuriya, kakarsa ta ce sam, ba za a yi gwaji da jikanta ba.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne wata famasis a asibitin da muke zuwa ta zaunar da mu, ni da kakar, ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce a ƙasashe masu arziki, yaron da gwajin jijiyoyin kai ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake yi masa duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Banderbilt ta Amurka, suka gwada wannan magani a kan yara 220, da yardar iyayensu, aka fitar da sakamako a 2022 cewa ƙaramin adadi ma yana kare yaro kamar matsakaici. Ɗana ba ya cikin waɗancan yara, amma yana cin moriyar abin da aka gano a kansu. Duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli, domin da nauyinsa ake lissafa adadin, kuma ba a ba mu sabon magani sai an ga sakamakon gwajin jininsa. Akwai ranar da na manta takardar gwajin a gida, famasis ɗin ta ce in hau adaidaita sahu in ɗauko, ta riƙe mini layi. Na ji haushi a lokacin, amma na koma na ɗauko.

Mai harhaɗa magunguna, Tarauni

Likita ya yi gaskiya a kan gwajin tarin fuka da na zuciya, kuma na karɓi gyaransa a kan binciken Ingila. Alhaji mai kemis, na gode da wannan gaskiya, kuma abu ɗaya zan roƙe ka tun daga yau: duk dattijon da ya zo neman na gaɓoɓi, ka tambaye shi ko yana da hawan jini, suga, ciwon ƙoda ko gyambon ciki, idan ya ce e, ka tsaya a farasitamol ka tura shi asibiti. Ɗan'uwa mai tambaya, idan ta tabbata magani ne ya sa Hajiya tari, ka nemi a cike mata takardar rahoton illar magani ta NAFDAC, wadda muke kira takarda mai ruwan ɗorawa, ko a shigar ta manhajar Med Safety. Daga irin waɗannan rahotanni ake gane yadda magani yake yi a jikin mutanenmu, kuma abin da ake turawa daga wajenmu bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Hajiya, Gwammaja

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya Talata na kai Hajiya da ledarta. Da muka isa taga na ce ina son ganin famasis, aka ce mu jira layi ya ragu, muka jira har bayan azahar, sannan ya shigar da mu wani ɗan ɗaki ya baje magungunan a kan tebur. Cikin iri taran nan, biyu ashe abu ɗaya ne: amlodifin na asibiti, da kuma amlodifin da ƙanwata ta sayo mai wani sunan kamfani da wani launin kwali. Hajiya ta ɗauka daban ne, tana shan su duka biyun tun bayan Babbar Sallah. Jan na gwiwa kuma diklofenak ne, kamar yadda aka yi hasashe, kuma lisinofiril yana ciki. Da kansa ya tashi ya raka mu wajen likita da takarda a hannunsa. Likita ya saurari ƙirjinta, ya cire amlodifin ɗaya, ya dakatar da na gwiwa, ya sauya lisinofiril da wani maganin hawan jini mai suna losatan, sannan ya rubuta gwajin ƙoda da na majina da hoton ƙirji, ya ce mu dawo da sakamako ranar Litinin. Ya kuma ce tarin zai iya ɗaukar makonni kafin ya lafa, kada mu ƙosa.

Na sayi littafin da Likita ya ce, famasis ɗin ya cike shafin farko da hannunsa, ni kuma na zana rana da wata a gefen kowane magani don Hajiya ta gane na safe da na dare. Abin da ya rage mini yanzu shi ne gwiwar, domin tun daren jiya take cewa farasitamol ba ya yi mata komai, kuma na san idan ciwon ya matsa za ta aiki jikanta bakin layi ba tare da na sani ba. Hajiya famasis, shin na shafawa yana da irin wannan haɗari ga ƙoda, ko za mu iya tambayar likita a kansa ranar Litinin?